Ƙanen da Gwaggo Ta Samu a Waya

Ranar nan ba ta taɓa fita raina ba. Litinin ce, a mako na biyu na hutun ƙarshen Maris, shekarar da nake aji uku na kolej. Abin da na fara gani da na sauka daga kabu-kabu a ƙofar mangazar Gwaggo Tsahara, wato shagonta, shi ne takalman roba an jera su daidai a bakin ƙofa, baƙar laka ta bushe a jikinsu. Babu mai cire takalmi in zai shiga mangazarmu, don ƙasan siminti ne da baƙin mai ya gama ɓatawa. Nan na gane baƙo muka yi, mutumin lambu, kuma mai ganin girman wurin mutane.

Gwaggo ce ta sa ni rubuta wannan saboda ku biyun da za ku karɓi wayar mangaza in na koma lekol, wato makaranta. Ta ce tunda bakina ba ya aiki, to hannuna ya yi. Abin da zan ba ku labarinsa shi ne yadda mai takalman nan, tsoho ne, ya kusa rasa kuɗin da ya sayar da dabbobinsa ya haɗa, a gabanmu, kuma har da rakiyarmu.

Bari in fara da yadda aikin yake. Mangazar tana unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Kayan hannu muke sayarwa, waɗanda aka taɓa amfani da su: firigo, keken ɗinki, injin markaɗe, injin ban-ruwa. Gwaggo ce mai wuri, ita ke saye, ita ke yanke kuɗi. Usta Lawali ne makanike, duk abin da ya shigo sai ya kwance shi ya gyara kafin a nuna wa kowa. Ni ce ta ƙarshe a layi. Kullum da safe nake zuwa daga Tsibiri in muna hutu, ranar Asabar kuma ko ana karatu. Aikina in ɗauki hoton kaya, in rubuta kuɗinsa da lambar mangaza a ƙasan hoton, in sa a shafukan saye da sayarwa na intanet. In an aiko saƙo a rubuce, ni ke karantawa. In na murya ne, Gwaggo ke ji da kanta, ta kanga wayar a kunne kamar mai jin labarai a rediyo.

Muna da doka ɗaya da kowa ya haddace: kaya ba ya fita sai kuɗi ya shigo hannu, ko kuma mun buɗe asusun wayar da kanmu mun gan shi a ciki. Hoton resi ba kuɗi ba ne. Saƙon da ya ce an turo ba kuɗi ba ne. Sau biyu ana gwada mu da irin wannan, duka ba a ci nasara ba, kuma Gwaggo ba ta gajiya da ba da labarin. Saboda haka muna ganin mun gama wayewa.

Akwai kuma wata al'ada wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, amma duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san ta. In dillali ya kawo maka mai saye, ba ka faɗin kuɗin kayanka a gaban mai sayen. Abin da dillali ya ɗora a sama, abincinsa ne. Wanda ya tona masa, an ce ya zubar wa mutum da tuwo, kuma gobe babu dillalin da zai sake tako ƙofarsa. Gwaggo tana riƙe da wannan sosai. Tun makona na farko ta ja mini kunne a kai, sannan ta yi dariya ta ce ɓata bakinta take yi, ni da ko sunana aka tambaya sai an jira.

Ranar Juma'a kafin wannan Litinin ɗin na sa hoton wani injin ban-ruwa ja, babba, a kan jika ɗari da hamsin. Jika ɗaya ita ce sefa dubu, ga wanda bai saba da lissafinmu ba. Kafin la'asar sai ga saƙon murya daga wani da ya ce sunansa Alhaji Sale, ɗan Maraɗi ne amma yana zaune a Yamai. Muryarsa mai sanyi, ga addu'a. Minti guda ya yi yana gaisuwa kafin ya taɓo maganar inji. Tun saƙo na biyu ya koma kiran Gwaggo da Yaya Hajiya. Bai nemi ragin ko dala ba, abin da ya sa Gwaggo ta ce wannan ɗan gidan mutunci ne, ba irin masu sa ta ciwon kai ba.

Bayaninsa shi ne, yana da mai saye, wani manomi daga Jiratawa. Zai turo shi ranar Litinin ya duba injin. In ya yi masa, manomin zai biya shi, shi kuma nan take ya turo wa Yaya Hajiya kuɗinta cif. Abu ɗaya kawai ya roƙa, kada a yi maganar kuɗi a gaban mutumin. Gwaggo ta ce masa ai wannan ba sai ya faɗa ba, ba yau ta fara kasuwa ba. Da ta ajiye wayar ta ce mana mu dai ba mu da asara, inji ba zai motsa ba sai ta ga kuɗinta. Ni ma haka na gani a lokacin.

To, mai takalman shi ne manomin. Sunansa Baba Nomau. Siriri ne, farin gemu kaɗan, rigarsa wankakkiya amma ba guga, ya zauna a gefen benci kamar wanda ke tsoron ya cinye wurin. Ya kawo buhu ƙarami na zogale da tattasai a leda, ya ajiye a gaban Gwaggo ya ce ba yawa, na miya ne. Na lura hannunsa na hagu ba ya barin aljihun gaban rigarsa. Ko zai gyara hula, da dama yake yi.

Na gaishe shi na wuce kujerata a lungu. Gwaggo ta ce masa kada ya damu, ɗiyar yayanta ce, Ramatu, tana magana amma sai ranar Sallah.

Suka ci gaba da gaisuwar da suka faro tun kafin in zo. Gida, iyali, zafi, ruwan Jiratawa, tsadar isansi, wato man fetur. Can sai Baba Nomau ya ce:

"Ƙanen naki ya ce in gaishe ki da kyau. Allah shi bar zumunci."

Gwaggo ta ce amin, tana amsawa. Na ɗaga kai na dube ta. Ko a jikinta. Mutumin da ya kwana uku yana ce mata Yaya, in an kira shi ƙanenta ai ba abin mamaki ba ne, haka ta ɗauka. Amma ni na ji yadda Baba ya faɗi kalmar. Ba irin faɗin kasuwa ba ne. Ya faɗe ta ne kamar mai maganar 'yan ɗaki ɗaya. Na ajiye wannan a raina ban ce komai ba, wanda dama shi ne abin da na fi iyawa.

Usta Lawali ya fito da injin waje, ya sa tiyo cikin duro, ya ja igiya sau biyu, inji ya tashi. Ruwa ya yi tsalle har bakin titi, wata mai tallan goro ta yi gefe tana mita. Baba Nomau ya tsuguna ya sa tafin hannunsa a jikin injin, ya karkata kai yana saurare kamar likita. Sannan ya ba mu labarin nasa injin. Kwana goma ke nan da ya mutu, makanikai biyu sun taɓa sun ce a haƙura. Na maƙwabci yake ara, shi ma sai rana ta take, lokacin da mai shi ya gama. Tattasai ya fara zubar da fure, zogale ya yi laushi. Rago ɗaya da awaki biyu ya kai kasuwa. Ɗansa ne ya ga hoton injin a waya, ya haɗa shi da Alhaji.

Usta, da yake ba ya iya ganin an yaba aikinsa ya yi shiru, ya ce ai inji irin wannan a kuɗin da aka sa masa kyauta ne, don sabonsa yanzu...

Bai ƙarasa ba. Gwaggo ta yi tari. A daidai lokacin Baba Nomau ma ya yi tari. Gwaggo ta tambayi Baba ko ana samun kifi a wajensu bana. Baba ya tambayi Gwaggo ko wannan firigon na ƙofa yana aiki. Babu wanda ya amsa wa wani. Usta ya kashe inji ya shige ciki yana goge hannu.

Wannan shi ne abu na biyu da na ajiye. Na san dalilin tarin Gwaggo. Amma mai saye, me zai sa ya gudu daga jin kuɗi? Duk mai sayen da na taɓa gani, kunnensa yake miƙawa ya ji abin da dillali ya ɗora masa. Wannan kuwa toshe nasa yake yi.

Baba ya koma gefe ya fito da 'yar wayarsa mai maɓalli, ya kira Alhaji ya ce inji ya yi, ba shi da abin cewa. Ban ji abin da aka ce masa ba, amma na ji yana ta cewa to, to, yanzu in sha Allahu. Da ya kashe, ya tambayi inda ajans take a nan kusa, wato ofishin aika kuɗi. Ba a yi minti ɗaya ba wayar Gwaggo ta yi ƙara. Alhaji ne, yana cewa Yaya Hajiya ta taimaka a nuna wa tsohon hanya, da kuɗi ya shigo masa nata zai taso.

Gwaggo ta ce in raka Baba, in kuma taya shi cike takarda tunda ba ya karatun boko.

A nan ne abu na uku ya zo mini, kuma shi ne mafi sauƙi. Ga mai kuɗi, ga kuɗin a aljihunsa. Ga mai inji, taku biyu tsakaninsu. Me zai sa kuɗin ya tafi har Yamai sannan ya dawo Zariya? In don la'adar dillali ce, ai ita kaɗai ya kamata ta yi tafiyar. Na buɗe baki zan faɗa wa Gwaggo, sai ta ce in yi sauri rana na yi, kuma in gyara hijabina ya karkace. Na gyara hijabi na bi bayan Baba.

Daga mangaza zuwa ajans ba nisa, ka wuce mai shayi, ka wuce masu faci, ka tsallaka titi. Sau uku ina shirya magana a hanya. Na farko, kabu-kabu ya ratsa tsakaninmu. Na biyu, Baba ya rigaye ni, ya tambaye ni aji nawa nake, na ce uku, ya sa mini albarka, shi ke nan maganar ta mutu. Na uku ba abin da ya hana ni sai ni kaina. Ina ta tunanin in na yi kuskure fa? Yarinya ta sa baki a cinikin manya, ta zubar wa dillali da tuwo, ta kunyata gwaggonta.

Muka tarar da mutum huɗu a layi. Baba ya zaro wata takarda da aka yago daga littafin lekol, an ninke ta huɗu, ya miƙo mini ya ce ɗansa ne ya rubuta, in kwafa daidai kada in yi kuskuren lamba. Na buɗe. Sunan da ke ciki ba Sale ba ne, wani suna ne dabam. Wannan bai dame ni sosai ba, mutane da yawa suna karɓar kuɗi da sunan wani. Abin da ya tsayar da ni shi ne lambar da ke ƙasa, wadda aka ja wa layi biyu. Jika tasa'in.

Na sake karantawa. Na ƙirga sifilin da yatsa. Injin da Alhaji zai biya Gwaggo ɗari da hamsin, shi ne ya sayar wa Baba tasa'in. Ban yi nisa a lissafi ba, amma ko 'yan aji ɗaya sun san babu dillalin da ke sayen abu da tsada don ya sayar da araha. Mutumin ba shi da niyyar biyan kowa. Zai karɓi tasa'in ɗin Baba ya kashe waya. Baba zai dawo mangaza da resi na gaskiya, ya ce a ba shi injinsa. Gwaggo za ta ce ba ta ga ko dala ba, ita ma da gaskiyarta. Sai na gane duk faɗin Maraɗi, in ka cire ɓarawon, ni kaɗai na san kuɗin nan biyu. Kuma a ce duk cikin mutanen gari, ni aka zaɓa.

Layi ya zo kanmu ban rubuta komai ba. Baba ya kwance aljihu ya fito da kuɗin a ɗaure da roba, ya tura su ta ƙasan gilashi. Matar da ke karɓa, wata mai tabarau, ta karɓi takardar daga hannuna ta duba, ta yi tambayar da suke yi wa kowa, ko ya san wanda zai aika wa. Baba ya ce ƙwarai, ƙanen Hajiya mai mangaza ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ga ma ɗiyarsu nan.

Na ce, "Baba, Gwaggo ita ce auta."

Ni kaina ban ji muryata ba sosai. Baba ya sunkuyo ya ce, "Mi kika ce, ɗiyata?"

"Gwaggo ba ta da ƙane. Su shida ne a ɗakinsu, ita ce ta ƙarshe. Mutumin nan ba mu taɓa ganin shi ba."

Matar mai tabarau ta riga ta ji tun ta farko. Ta mayar mini da takardar, ta ɗora yatsu biyu a kan kuɗin ta turo su baya a hankali har suka fito ta inda suka shiga. Ta ce wa Baba ya je ya yi magana da mai kayan tukuna, ajans ba ta tashi sai yamma. Baba ya tsaya yana dubana. Sannan ya mayar da kuɗin aljihu ya ce mu je.

Za ku ɗauka da mun isa magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Na faɗa wa Gwaggo abin da na gani, ina kallon ƙasa. Ta juya ta tambayi Baba nawa Alhaji ya ce masa. Baba ya ce ya yi alkawari ba zai faɗa ba. Alhaji ya gaya masa injin nasa ne, ajiya ya ba yayarsa, kuma ya ce mata da tsada zai sayar, in ta ji ya yi ragi haka za ta yi masa faɗa har gaban dangi. Shi kuwa ba zai zama sanadin ɓacin zumunci ba. Sai shi ma ya tambayi Gwaggo nawa ne kuɗin injin a wurinta. Gwaggo ta gyara zama ta ce ita ma ai an roƙe ta, kuma shekararta ashirin a kasuwa ba ta taɓa tona dillali ba.

Haka suka zauna, dattawa biyu, kowa yana riƙe wa ɓarawo amana. Usta Lawali ya tsaya a ƙofar ciki da sifana a hannu yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce da ya san haka mutanen kirki suke, da tuni ya bar gyaran inji.

Ni ba wanda ya sa ni alkawari, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai bukata. Na ce ɗari da hamsin ne a wurinmu, tasa'in ne a takardar Baba. Na ajiye takardar a kan tebur kusa da hoton da ke wayar mangaza, mai kuɗinmu a ƙasa.

Gwaggo ta daɗe tana duban takardar duk da ba ta karatu. Sannan ta kira Alhaji, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Yaya Hajiya, tsohon ya tura kuwa? Ban ga komai ba har yanzu."

"Ga shi nan zaune," in ji Gwaggo. "Ya ce mini kai ƙanena ne. Ina son ka tuna mini sunan tsohuwarmu, ya ɓace mini."

Sai muka ji ƙarar yankewa. Ta sake kira, waya a kashe. Baba ya gwada da tasa, haka.

Baba Nomau ya cire hula ya riƙe a hannu. Ba kuɗin ne suka fi damunsa ba a lokacin, tunda suna aljihunsa. Kunya ce. Ya ce shekara sittin da wani abu, yaro a waya ya sa shi ya zo gidan mutane yana gaishe su da ƙanen ƙarya. Ya ce dama ya ji a ransa arahar ta yi yawa, amma mai lambun da ke bushewa ba ya son jin abin da ransa ke faɗa masa. Gwaggo ta ce ya mayar da hularsa, in kunya ce su raba biyu, don ita har amin ta ce. Ta nuna zogalen ta tambaye shi ko ta mayar masa, tunda na yayar Alhaji ne, kuma ga shi babu ita. Nan ne ya yi dariya, ya ce a bar wa auta.

Saura maganar inji. Ja ɗin ya fi ƙarfin aljihunsa, Gwaggo kuma ba ta iya sauke shi zuwa tasa'in. Usta ne ya tuna da wani ƙarami, kore, da ke can ciki, wanda ban ma ɗauki hotonsa ba don fentinsa ya goge. Ya ce bai da kyan gani amma ba ya ƙarya. Ya tambayi Baba girman lambun da zurfin rijiyar, ya ce zai ɗauka, sai dai ya fi jan lokaci. Aka fito da shi aka gwada a duron nan. Suka yi ciniki baki da baki, da ƙarfi, har mai shayi yana jiyowa. Baba ya taya saba'in, Gwaggo ta ce albarka, aka tsaya a tamanin da biyar har da tiyo. Ya ƙirga a hannunta, ta ƙirga a gabansa. Kafin azahar an ɗaure injin a adaidaita sun kama hanyar Jiratawa.

Da rana Gwaggo ta kai lambar mutumin da saƙonninsa komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ban san abin da ya biyo baya ba. Ni kuma na bi shafukan saye da sayarwa ina nema, sai ga hotona na injin ja a wani shafi, an yanke ƙasansa inda na rubuta kuɗi da lambarmu, an sa wata lamba. Na gane shi ne da butar Gwaggo da ta fito a gefe. Na rubuta a ƙarƙashinsa cewa na ƙarya ne. Tun ranar nake rubuta kuɗi da lamba a tsakiyar hoto, a kan jikin kayan, inda ba a iya yankewa sai an yanke kayan. Ku ma haka za ku yi, ko da hoton ya rage kyau.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Dokarmu ta kada kaya ya fita sai an ga kuɗi tana da kyau, amma mu kaɗai take tsarewa. Mutumin nan bai zo satar injinmu ba. Mangazarmu ya ara, da fuskar Gwaggo, da gwajin Usta, har da rakiyata, don tsoho ya yarda ya saki kuɗinsa. Bai kuma yi amfani da wautar kowa ba. Kirkinsu ya yi amfani da shi. Ya san 'yar kasuwar Maraɗi ba ta tona dillali, ya san dattijon ƙauye ba ya shiga tsakanin 'yan uwa, sai ya ba kowannensu sirrin da zai riƙe. Saboda haka in wanda ba ku taɓa gani ba ya ce zai turo wani ya duba kaya, amma kada a yi maganar kuɗi, ku tsaya nan. In wanda ya zo da ƙafarsa yana da kuɗi a aljihu, amma an ce ya aika wa wani can, ku tambaye shi wa ya ce masa mu ne, kuma me aka ce masa game da mu. Dillalan gaskiya suna nan, Gwaggo ta san su, ta san gidajensu, kuma suna zuwa da kansu su sha ruwa.

Da yamma, muna shigar da kaya za mu rufe, Gwaggo tana ta ba mai goro labarin, karo na huɗu ke nan, kowane karo muryata tana ƙara ƙarfi a cikinsa. A na ƙarshen har na buga tebur a ajans. Na jira mai goro ta tafi, Usta ya fita wanke hannu. Na tsaya a gabanta da tsintsiya. Ta dube ni ta ce ko yau Sallah ce sau biyu.

Na ce, "Gwaggo, ina roƙon abu ɗaya. Duk wanda ya shigo duba kaya, ko wa ya turo shi, ki bar ni in faɗa masa kuɗin da ƙarfi kafin ya zauna. In dillalin gaske ne, ki ba shi la'adarsa daga hannunki. In kuma za a ji haushi, a ce yarinya ce ba ta da hankali."